Hoton da Auta Ta Kawo Gida

A gida kowa ya yarda cewa Auta magani take haɗawa. A wurin aiki kuwa babu wanda ya taɓa yi mata wannan ƙazafin. Aikinta shi ne ta shiga ɗakin sanyi da safe, ta ja ƙofar nan mai nauyi ta rufe kanta, ta ɗora faranti a ƙarƙashin madubin bincike, ta leƙa ɗigon ruwa ɗaya bayan ɗaya tana neman wani abu mai kama da ƙwayar gishiri. Yawancin ranaku babu komai a ciki sai ruwa. Ɗakin ba taga, ba agogo, sai injin sanyaya da ke gurnani a saman kanta, da kwalabe jere a kan katakai, kowacce da sunan wanda ya ajiye ta ya manta.

Abin da suke farauta wani sinadari ne na ƙwayar cutar ƙanjamau. A takarda furotiyes ake rubutawa, amma su a tsakaninsu almakashi suke ce masa. Ita ƙwayar cutar tana saƙa kayan jikin 'ya'yanta ne a dogon zare guda, sai almakashin ya bi ya yayyanka zaren gunduwa-gunduwa, sannan 'ya'yan su tashi su kama gabansu. In aka sami abin da zai shiga bakin almakashin ya cije, ya hana shi rufuwa, 'ya'yan sai su fito a nakashe. Amma kafin ka ƙera abin da zai cika bakin, sai ka ga bakin. Shi ya sa ake lallashin sinadarin ya daskare ya zama 'yar ƙwayar gishirin nan, a haska ta da na'ura, kwamfuta ta zana hotonsa. Shekarun Auta na ƙuruciya a nan suka tafi, wajen lallashin abin da ido ba ya gani ya tsaya a ɗauke shi hoto.

Yayanta kuwa ba a hoto yake ganin cutar ba, a jikinsa take zaune. Da can alƙalin wasan ƙwallo ne, mutum mai dogon numfashi da gajeren haƙuri, wanda ya taɓa korar ɗan wasa daga fili saboda kallon banza. Cutar ta ɗauke matarsa, ta bar shi da kwalaben magani. Ya sayar da abin da zai sayar ya dawo ɗakin da ya tashi a ciki, a hawa na uku na wani tsohon bene, inda Innarsu take zaune tun rasuwar mahaifinsu. Likitoci sun canza masa magani, sun sake canzawa, har suka kai ga wanda babu wani a bayansa a asibitin da yake zuwa. Shi ma ƙwayar cutar ta fara gane kansa: ta buɗa bakin almakashinta kaɗan, maganin ya daina cika shi. Amma likita ya ce ya ci gaba da sha, da babu gara ba daɗi. Kullum safe da yamma Inna ke miƙa masa ƙwayoyin da kofin ruwa, shi kuma ya haɗiya, bayan ɗan lokaci ya nemi roba ya yi amai. Bakinsa kullum ɗanɗanon tsatsa, ƙafafunsa kamar ana tsira masa allura.

Inna ba ta taɓa kiran cutar da sunanta ba. “Lalurar yayanki” take cewa. Kuma tambayarta ɗaya ce, takan yi ta tun kafin Auta ta cire takalmi:

“To, an gama?”

“Ana kai, Inna.”

“Kullum ana kai. Ko ginin bene ne ai da an tare.”

Farfesan da Auta ke aiki a ƙarƙashinsa yana da ƙa'ida guda da ya cusa wa duk wanda ya ratsa hannunsa: kada ka gaya masa, ka nuna masa. In ka zo da baki kawai, sai ya ci gaba da goge tabaransa har ka ji kunya ka fita. Auta ta sha wannan tarbiyya har ta zame mata jiki. Saboda haka ranar da sabon sinadarin da suka ƙera ya zauna daram a bakin almakashin mai taurin kai, hoton ya fito tas har Farfesa ya ajiye tabarau ya ce “to, ba laifi,” wanda a bakinsa kirari ne, sai Auta ta ɗauko kwamfutarta ta taho da ita gida. Gani ya kori ji. Ta gaji da “ana kai”.

Ta ture kwanukan abinci gefe ta buɗe ta a kan tebur. Inna ta matso da kujera, Yaya ya jingina da bango yana riƙe da cikinsa.

“Kun ga wannan mai kama da ƙahon rago biyu? Shi ne almakashin. Wannan ɗan jan kuma shi ne maganin da Yaya yake sha. Ku duba yadda yake lilo a ciki, ga fili ta nan, ga fili ta can.”

“Kamar ƙafar yaro a takalmin ubansa,” in ji Yaya.

“Yauwa. To ga namu.” Ta danna, koren abu ya bayyana, ya cika ramin ba ko masakar tsinke.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsa ta taɓa koren a jikin gilashin, a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri.

“Wancan jan ai ba ya komai kenan,” ta ce.

“Ba kamar da ba dai. Amma—”

“Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya jiƙan mahaifinku, da ya ga wannan rana.”

Auta ta so ta ƙarasa “amma” ɗin. Bayanta akwai gwaji a kan ƙwayoyin hanta, akwai ɓeraye, akwai manyan dabbobi, akwai mutane masu lafiya, akwai shekaru. Sai dai rabon da ta ga haƙoran Inna a waje ta manta, kuma mutum ba ya son ya zuba ƙasa a abincin da shi ya dafa. Ta rufe kwamfutar ta ce a ci abinci kada ya huce.

Makonnin da suka biyo baya aiki ya riƙe ta. Takan fita Yaya bai tashi ba, ta dawo a gajiye ta gaishe su a tsaye. Abin da ta lura da shi kawai shi ne gidan ya sake murya. An daina jin kakarin amai ta bango. Wata rana ta tarar da Yaya a bakin tagar falo yana yi wa yaran da ke buga ƙwallo a ƙasa alƙalanci da ihu, yana ce wa wani mai tsaron gida gara a kafa sanda a madadinsa. Ta ji daɗi. Ba ta tambayi dalili ba, ita da aka biya wa karatu don ta riƙa tambayar dalili.

Ran nan da hantsi abokin aikinta, wanda suke kira Dogo, ya buɗe ƙofar ɗakin sanyi ya leƙo da kai. Shi ne mai gwada sinadaran a kan ƙwayoyin hantar mutum da suke renonsu a faranti.

“Dokta, fito ki yi wa ɗanki ta'aziyya.”

“Wane ɗan?”

“Koren nan naki. Jarumi ne, wallahi. Ya kashe ɓarawo, ya haɗa da mai gida, ya cinna wa gidan wuta.”

Ta bi shi ta leƙa madubinsa. Ƙwayoyin hantar da ya kamata su shimfiɗu su riƙe juna sun dunƙule suna yawo a saman ruwa. Ta ce a rage yawan sinadarin. Dogo ya ce ya rage, ya sake ragewa, har ya kai inda almakashin ma ba ya jin sa, hantar dai ba ta yafe ba. Farfesa ya zo ya leƙa sau ɗaya, ya miƙe.

“Madalla. Mun san abin da ba za mu yi ba. A cire masa wannan reshen na gefe a sake ƙerawa.”

“Ranka ya daɗe, reshen ne yake riƙe shi a bakin almakashin.”

“To ki nemo wani reshen. Ina ce ba gobe za ki yi ritaya ba?”

Ya fita yana goge tabarau. A wurinsa wannan ba mummunan labari ba ne. Ya binne irin waɗannan da yawa, ya yi suna da rubuta yadda suka mutu.

Da yamma ta hau benen nan tana tsayawa a kowane hawa, tana shirya yadda za ta faɗa. Ta tarar da Inna a kicin tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

“Kin ga yayanki kuwa? Yau sai da ya nemi ƙari. Tun da ya huta da ƙwayoyin nan jikinsa ya dawo.”

“Ya huta da me?”

“Jajayen nan marasa amfani. Ai tun washegarin da kika nuna mana ya ce a ajiye su, gara ya wanke jikinsa kafin naki ya iso, kada su haɗu su yi faɗa a ciki. Na ce wannan gaskiya ne. Ga su can na ɗora a saman firji.”

Auta ta ɗaga kai. Kwalbar tana can, har ta fara yin ƙura a murfi.

Ta same shi a ɗakinsa yana zaune a bakin gado yana yanke farce. Ɗakin ƙarami ne, gado da kujera ɗaya suka cinye shi, tagar kuma bangon maƙwabta take kallo. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

“Yaya, me ka yi?”

“Farce nake yankewa, Malama Dokta. Ko shi ma sai an gwada a kan ɓera?”

“Ka san abin da nake nufi. Maganin nan ko bai cika bakin ba yana rage wa ƙwayar cutar gudu. Kuma don ta kauce masa ne ta lanƙwasa almakashinta, almakashi lanƙwasasshe kuwa ba ya yanka da sauri. Gurguwa ce a jikinka yanzu. In ka daina sha, mai ƙafa biyun za ta dawo. Wannan daɗin da kake ji na ɗan lokaci ne.”

“Likita ya gaya min. Da zane ma, a bayan takarda. Naki dai ya fi kyau, da kala.”

“To ka sani, ka daina?”

“Na sani.”

Ta matso kusa da gadon. Sannan ta faɗi abin da ta hau benen da shi: “Namu ya faɗi. Yana kashe hanta. Ko da bai faɗi ba, Yaya, shekaru ne.”

Ta zaci zai girgiza. Ya hure farcen da ya maƙale a abin yankan, ya duba babban yatsansa ta wannan gefe da wancan.

“Auta, ni fa na ga 'yan wasa da yawa suna ɗumama jiki a gefen fili. Ina gane wanda za a saka da wanda ake yi wa alkunya. Tun kina danna abin nan na san koren ba zai shigo ina fili ba.”

“To don me ka ce wa Inna—”

“Don ita. Zauna mana, kin tsaya min a kai kamar mai bin haya.” Ta zauna a kujerar. Gwiwoyinsu har suna taɓa juna. “Shekara nawa ina haɗiyar abin nan? Ba don ni ba. Ni an hura min usur ɗin tashi tun ranar da aka fita da matata, ku ne kuke ta ƙara minti. Amma in na ce wa Inna na gaji, me na ce mata? Na ce ta zauna ta kalli ɗanta ya zaɓi kabari a kan fuskarta. Ba zan iya ba. Sau nawa ina ɗaukar maganar in kai bakin ƙofarta in dawo da ita. Sai ga ki da hotonki. Yanzu ba gajiya na yi ba, shiri nake yi. Ita tana murna, ni ina jin ɗanɗanon abinci. Jiya na sha shayi na ji shayi ne, Auta. Kin san rabona da haka?”

“Da bakina kake so ka mutu.”

“Ba na son komai da bakinki sai ki rufe shi. In ta tambaya ki ce ana kai. Ai kin iya, kin daɗe kina faɗa.”

“In jikin ya juya fa?”

“Sai a ce magani ya makara. Laifin Farfesa ne, laifin ɓeraye ne. Babu wanda zai ce ɗanta ya guje ta.” Ya ɗago ya dube ta, babu wasa a idonsa yanzu. “Ban taɓa roƙonki komai ba. Ni na riƙa kai ki makaranta a wuya. A bar kaza cikin gashinta.”

Inna ta ƙwala kira daga falo cewa shayi yana hucewa.

Gaba kura, baya sayaki. Auta ta zauna a teburin nan da ta buɗe kwamfuta a kansa, kofi a gabanta ba ta taɓa ba. In ta yi shiru, kullum za ta hau benen nan ta ce ana kai, tana kallon wuyan rigarsa yana ƙara faɗi, kuma ita ce za ta san ranar da abin ya fara. In ta yi magana, ta ƙwace wa mutum abu ɗaya da ya rage yana da iko a kansa. Ta yi karatu mai yawa, amma duk littattafan a kan ƙwayar cutar suke. Yaya ya fito ya zauna yana zuba sukari, yana ba Inna labarin wani mai horar da 'yan wasa da ya taɓa bin sa da takalmi har bakin mota. Inna tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Da dariyar ta lafa, Inna ta juyo.

“To, Auta, yaushe za a kawo? Ko sai an sa masa kwali?”

Yaya bai daina juya cokali ba. Bai ma dube ta ba, don ya riga ya yarda da ita.

“Ba za a kawo ba, Inna.”

Cokalin ya tsaya.

“Guba ne. Yau muka gani, yana kashe hanta. Za mu sake wani, amma ba bana ba, ba baɗi ba, wataƙila ba a rayuwar kowa a ɗakin nan ba. Jan nan da na raina shi ne yake riƙe da Yaya. In bai koma sha ba, jikin da kike murna da shi ba zai daɗe ba.”

Abin da bai faɗa wa Inna ba, ita ma ba ta faɗa ba. Iyakar abin da ta iya rage masa kenan.

Inna ta dubi 'yarta kamar an aiko baƙuwa da saƙon mutuwa. “Amma da idona na gani. Ya zauna daidai.”

“Ya zauna, Inna. A hoto.”

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dafa tebur ta miƙe, ta shiga kicin. Suka ji ta jawo kujera, suka ji kujerar tana ƙara a ƙarƙashinta, don firjin ya fi ta tsawo. Babu wanda ya tashi ya taimaka mata. Ta dawo tana goge murfin kwalbar da mayafinta, ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu, ta tsiyayo ruwa, ta tsaya a kan ɗanta.

“Karɓi, ɗan nan. Mun yi kuskure, Allah ya rufa asiri Auta ta gane da wuri.”

Yaya ya dubi tafin hannun. Mutumin da filin wasa guda ya sha zaginsa bai canza hukunci ba, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi fuskar uwarsa, ya fasa. Ya karɓa ya watsa a baki ya bi da ruwa. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa.

“An gode, Dokta,” ya ce, bai dubi inda take ba.

Inna ta kwashe kofuna, har da na Auta da ba a sha ba. Ba ta sake yi mata magana ba a yammacin nan, kuma daga ranar ba ta ƙara tambayar ko an gama ba. Auta ta zauna a inda take tana jin motsin gidan. Can an jima, ta bangon ɗakinsa, kakarin ya fara. Ta tashi ta ɗauko robar a bayan ƙofar banɗaki, ta ɗauraye ta, ta je ta ƙwanƙwasa.

“Ajiye a nan bakin ƙofa,” ya ce daga ciki.

Ta ajiye. Ba ta tafi ba, shi kuma bai buɗe ba.